Gyaran Zama a Kan Sirdi: Igiya, Cire Likkafa, Motsa Jiki, ko Sabon Sirdi?

Mahayin da ke karkacewa a kan doki shi ne na ƙarshe da ke sani. Jikinsa ya saba da karkatar har ta zame masa daidai, in ma aka miƙar da shi sai ya ji zai faɗo ta ɗaya gefen. Alamun dai a fili suke ga mai lura. Likkafa ɗaya ce kullum take suɓuce maka. Sirdi yana zamewa gefe guda komai tsananin ɗaurin majayi. Doki yana juyawa hagu cikin sauƙi, dama kuwa sai an yi kokawa. In ka sauka, gwiwa ɗaya ko gefen ƙugu ɗaya ne ke ciwo.

Da ka fara neman gyara, shawarwari za su yi maka yawa. Wani ya ce canja sirdi, wani ya ce cire likkafa, wani ya tura ka wurin masu ƙwallon dawaki, tsofaffin barga kuma su ce ai hawa shi ke gyara hawa. Kowanne yana da tasa gaskiyar, sai dai ba matsala ɗaya suke warwarewa ba, kuma kuɗin da suke ci da haɗarin da ke cikinsu sun sha bamban.

Me ake son gyarawa?

Abu biyu ne. Na farko daidaito, wato nauyinka ya zauna a tsakiya ba tare da ka rataya a linzami ko ka matse doki da gwiwa ba. In an kalle ka daga gefe, kunne da kafaɗa da ƙugu da diddige su kasance a layi ɗaya. Na biyu miƙewa. In an kalle ka daga baya, kafaɗunka su yi daidai, ƙashin bayanka ya hau kan ƙashin bayan doki, likkafu biyu su sauka tsawo ɗaya.

Zauna a kan benci mai tauri, ka tura tafin hannuwanka ƙarƙashin mazaunanka. Za ka ji ƙasusuwa biyu masu tsini suna danna yatsunka. A kansu mahayi yake zaune, kuma mutane da yawa za su tarar ɗaya ya fi ɗaya dannawa. Abin da ya fi faruwa a kan sirdi shi ne mutum ya lanƙwashe ta ƙugu. A ce ta dama ya lanƙwashe. Kafaɗar dama ta sauka, mazaunai su zame hagu, nauyi ya koma hagu, ƙafar dama ta tattaro sama har likkafa ta kuɓuce. Shi yana jin kamar ya karkata dama, alhali nauyinsa yana hagu. Doki kuwa nauyi yake bi, kamar jakin da aka ɗaura wa buhun hatsi a karkace, sai ka ga yana ta sakin hanya yana bin gefen da kaya ya rinjaya.

Irin hawan da aka fi yi a ƙasar Hausa yana ƙara wa abin ƙarfi. Kamazuru, wato igiyar linzami, a hannun hagu, hannun dama yana riƙe da sanda ko mashi ko takobi, ko yana sama ana jinjina. A ƙwallon dawaki ma doka ce, da hannun dama kaɗai ake riƙe sandar bugu, ko da mutum bahago ne. Shekara da shekaru a haka, kafaɗar hagu tana gaba, jiki ya ɗan murɗe, ba tare da mai shi ya taɓa ji ba.

Kafin ka kashe ko sisi

Wani lokaci laifin ba naka ba ne. A shekarar 2013 wasu likitocin dabbobi biyu, Line Greve da Sue Dyson, sun wallafa binciken da suka yi a Newmarket ta Ingila kan sirdin da ke zamewa gefe ɗaya. Sun gano cewa fiye da rabin dawakan da ke da ɗingishi a ƙafar baya sirdinsu yana zamewa, kuma da aka kashe zafin ciwon da allura, zamewar ta daina a kusan dukkansu. Ɗingishin kan yi ƙanƙanta har mai doki bai lura da shi ba. Saboda haka ka ɗora wani gwanin mahayi a kan dokinka da sirdinka. In shi ma sirdin ya zame masa ta gefen da yake zame maka, likitan dabbobi za ka fara nema, sannan mai gyaran sirdi.

Sai igiyoyin likkafa. Ka ciro su duka biyu ka jera su a ƙasa ka gwada. Da yake ta hagu ake hawa, igiyar hagu ce ke ɗaukar nauyin mutum kullum, a hankali ta miƙe ta fi 'yar'uwarta tsawo. Maganin wannan kyauta ne, ka riƙa musanya su lokaci lokaci. In ƙulli ake ɗaure su da shi, ba rami da maɗauri ba, to gwajin ya ma fi zama dole.

Ma'aunin da za a bi

Da abu biyar za a auna kowace hanya: abin da take gyarawa a zahiri, kuɗin da take ci, ko gyaran yana ɗorewa, sauƙin samun abin da take buƙata na mutane da fili da doki, sai haɗarinta gare ka da kuma dokin. Kuɗin malami da na sirdi suna sauyawa daga gari zuwa gari, don haka kwatanta su da juna kawai za a yi a nan.

1. Hawa a doguwar igiya

Malami yana tsaye a tsakiya riƙe da igiya mai tsawon kimanin mita 8 zuwa 10, doki yana zagaya shi a da'ira mai faɗin mita 15 zuwa 20, kai kuma kana bisa babu kamazuru a hannunka. Tuƙi da tsayarwa duk na malami ne. Aikinka ɗaya, ka zauna.

Wannan ita ce hanyar da na fi yarda da ita, kuma dalilin yana hannu. Mahayin da bai samu daidaito ba da linzami yake tokare kansa, ko ya sani ko bai sani ba. Linzamin gargajiya kuwa mai kaifi ne, ɗan ja kaɗan ya isa ya buɗe bakin doki. Duk sanda ka yi tangal-tangal ka kama kamazuru, bakin doki ne ke biya, shi kuma ya ɗaga kai ya ƙanƙame baya, zaman ya ƙara yi maka wuya, ka ƙara kamawa. Igiya tana yanke wannan zagayen. Tunda babu abin kamawa, dole ƙugu da ciki su koyi aikinsu. Shahararriyar makarantar hawan nan ta Biyana a ƙasar Ostiriya, mai fararen dawakan Lipizza, ɗalibanta kan share watanni masu yawa a igiya, ba likkafa ba kamazuru, kafin a yarda su tuƙa doki da kansu.

Ga yadda darasin yake kasancewa. A fara da tafiya. Ka ɗora hannu a ƙugu, sannan ka buɗe su gefe da gefe, sannan ka juya hannu ɗaya ta baya a hankali kana bin sa da ido. Ka sunkuya ka taɓa yatsan ƙafar dama da hannun hagu ba tare da ɗaya ƙafar ta koma baya ba. Ka rufe ido taku biyar ko shida ka faɗa wa malami wace ƙafar baya doki ke ɗagawa. In waɗannan sun zauna, sai a maimaita su a sassarfa. Malami yana ganin ka ta gefe a kowane taku, yana cewa sauke kafaɗar hagu, ko koma tsakiya, a daidai lokacin da karkatar ke faruwa. Gyaran da aka yi a wannan lokacin ya fi shiga jiki fiye da wanda aka faɗa maka bayan ka sauka.

Wahalarta a samu ne. Kana buƙatar mutumin da ya iya riƙe igiya, da fili mai yashi wanda ba santsi, da dokin da ya saba da zagaye. Dawakan hawa a nan galibi maza ne da ba a dandaƙe ba, masu zafin kai, kuma wanda bai taɓa yin igiya ba ba a gwada shi da mutum a kai. Sai an horar da shi shi kaɗai tukuna. A ragama ake ɗaura igiyar, kada a kuskura a ɗaura ta a linzamin gargajiya. Inda aka fi sa ran samun wanda ya san aikin shi ne wuraren ƙwallon dawaki, irin na Kaduna da aka kafa tun 1918, da na Kano da Zariya da Jos, da Katsina inda wasan ya kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Ko a can ma ka tsaya ka ga mutum yana yi da wani kafin ka ba shi kanka. Gwanin bugun ƙwallo daban, gwanin koyarwa daban.

Zagaye yana gajiyar da gaɓoɓin doki, don haka minti 20 ya wadatar, ana sauya gefen zagayen a tsakani. A sa hular kwano, a ɗaura wata igiya a wuyan doki wadda za ka cafka in ka ji za ka tafi. Kuɗinta matsakaici ne zuwa sama tunda kowane zama sai an biya, amma abin da aka koya a nan yana daɗewa a jiki.

2. Cire likkafa, ko hawa ba sirdi

Kyauta ce, shi ya sa kowa ke ba da shawararta. Tana da amfani na gaske: ƙafa tana sauka ta miƙe, zama yana nutsewa, kuma mai dogara da likkafa ɗaya yana rasa abin dogaron. A sirdin Turawa ana ɗora likkafun a gicciye a gaban sirdi. Manyan likkafun ƙarfe na gargajiya kuwa sai dai a cire su gaba ɗaya, in an bar su suna reto za su riƙa dukan haƙarƙarin doki.

Matsalarta biyu. Da ƙafa ta gaji mutum yake fara matse gwiwa, matse gwiwa kuma tura mazaunai sama yake yi, sai ka koma kana dukan bayan doki a kowane taku. Minti biyar zuwa goma a cikin ƙilisa sun fi rabin awa amfani, kuma da ka ji ka fara matsewa, mayar da likkafa. Ta biyu ta fi muhimmanci: in ba mai kallon ka, kana iya ƙara ƙarfi a karkacenka. Daidaito take gyarawa sosai, miƙewa kuwa sai da idon wani.

Hawa ba sirdi ya fi wannan koyar da jin motsin doki, yaran karkara da ke kai dawaki shan ruwa a haka suke samun zaman da ba a kayar da su da wuri. Sai dai sukan taso da ƙafa a gaba da baya a tanƙware. Ga babban mutum kuma, nauyinsa duka yana taruwa ne a ƙasusuwan zama biyun nan a kan bayan doki, ga dawakanmu da yawa siraran baya gare su. A taƙaita shi, a yi shi a tafiya cikin fili mai shinge.

3. Motsa jiki a ƙasa

Karkatar da ka hau da ita daga ƙasa ka taho da ita. Zaman mota ko ofis, ɗaukar kaya a kafaɗa ɗaya, tsohuwar karaya ko targaɗen da aka manta, duk suna bin mutum har kan sirdi. Gwada tsayawa da ƙafa ɗaya ido a rufe, ka ƙirga, sannan ka sauya. In akwai ma'aunin nauyi guda biyu, taka ɗaya da kowace ƙafa ka tsaya yadda ka saba, wani ya karanta maka. Bambancin yakan ba mutum mamaki.

Atisayen da ke taimaka wa mahayi ba su da yawa. Kifa ciki ka tokare da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe. Yi irinsa ta gefe, dama da hagu, ka ƙara wa gefen da ya fi rauni. Kwanta rigingine ka tanƙwara gwiwa ka ɗaga ƙugu. Durƙusa da gwiwa ɗaya ka tura ƙugu gaba don sassauta jijiyar gaban cinya, wadda yawan zama ke ɗaurewa. Minti goma sha biyar, sau uku ko huɗu a mako. Tabarma kawai ake buƙata, haɗari kusan babu, amma sai an yi makonni kafin a ga canji, kuma da an daina yake fara zubewa.

Ita kaɗai ba ta koya maka bin motsin doki, wannan sai a bisa. Amma akwai mutanen da babu abin da zai yi musu aiki sai an bi ta nan: wanda ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, wanda ƙashin bayansa ya ɗan kauce, wanda ya taɓa karyewa a cinya ko ƙugu. Irin wannan ya ga likitan gashin ƙashi. Manyan asibitocin koyarwa suna da sashen, haka asibitin ƙashi na Dala a Kano. Ka gaya masa hawa kake yi, ka nuna masa hotonka a kan doki.

4. Gyara ko sauya sirdi

Nan ne aka fi zuba kuɗi, nan ne kuma aka fi yin da-na-sani.

Sirdin gargajiya, da dogayen kwacciyoyinsa gaba da baya, an yi shi ne don ya riƙe mahayi. A sukuwar jafi, lokacin da doki ya yi zamiya a gaban sarki, kwacciyar nan ce ke hana mutum wucewa ta kan wuya. Don wannan aikin babu kamarsa. Amma abin da ya riƙe ka ba ya koya maka riƙe kanka, kuma yana ɓoye karkata. Ga jalala, ga babbar riga, ga rawani, mutum zai yi shekaru yana zaune a gefe guda babu wanda ya gani, sai bayan doki ya fara nunawa da miki ko farin gashi ta gefe ɗaya. Ka kwance wa sirdin ado duka ka duba icen cikinsa. In ya murɗe ko ya tsage, babu cikon da zai gyara shi. In cikon ƙarƙashi ne ya kwanta ta gefe ɗaya, baduku zai sake cika shi da kuɗi kaɗan, kuma wannan yana cikin gyare-gyare mafi araha da ke ba da sakamako nan take.

Sirdin Turawa ko na ƙwallon dawaki shimfiɗaɗɗe ne, ba ya riƙe ka, don haka duk kuskurenka a fili yake. Ya fi kyau wajen koyo. Daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala, shi ya sa mutane da yawa ke sayen na hannu. In za ka saya, tokare gabansa a cinyarka ka jawo bayansa zuwa gare ka. In ka ji ƙara ko ka ga fatar wurin zama ta tattare, ƙashin cikinsa ya karye, bar shi komai arharsa. Ka hango shi daga baya zuwa gaba ka ga ko ya murɗe, domin sirdin da wani karkatacce ya daɗe yana hawa yakan ɗauki karkatarsa. Sannan ka gwada shi a kan dokinka. Wanda aka yi don faffaɗan dawakan Ajantina zai iya zama daɓas a kan tudun kafaɗar dokin gida. In kana bisa, yatsu biyu zuwa uku su iya shiga tsakanin gaban sirdi da tudun.

Sirdi mai kyau yana shekaru in ana shafa masa mai ana ajiye shi a inuwa. Abin da yake yi shi ne ya daina tura ka gefe. In karkatar daga jikinka take, sabon sirdin ma za ka kwantar da shi ta gefen nan.

5. Waya da aboki

Sa riga mai kama jiki da wando, a manna maka farin tef daga wuya zuwa ƙugu, wani kuma a gicciye a kan kafaɗu. Abokinka ya tsaya a bayanka daidai, ya riƙe waya a miƙe, ya sa katanga ko layin ƙasa a cikin hoton don a san wayar ba ta karkace ba. Ka tafi a miƙe kana nisantarsa, ka juyo, a tafiya da sassarfa. A maimaita a wuri ɗaya duk wata. Ba ta gyara komai da kanta, amma ita ce ke gaya maka ko sauran hanyoyin suna aiki.

Shawarar nan ta a yawaita hawa kawai, tana sa mutum ya saki jiki ya rage tsoro, amma karkatar da ke nan ƙara kafuwa take yi.

| Hanya | Abin da ta fi gyarawa | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙin samu | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Doguwar igiya | Daidaito, miƙewa, sakin linzami | Matsakaici zuwa sama | Mai daɗewa | Da wuya | Kaɗan in doki ya saba, babba in bai saba ba |
| Cire likkafa | Daidaito, nutsewar zama | Babu | Mai kyau in ana maimaitawa | Da sauƙi | Faɗuwa, ciwon bayan doki |
| Motsa jiki | Raunin gefe ɗaya, ɗaurewar ƙugu | Babu, sai kuɗin likita | Yana zubewa in an daina | Da sauƙi ƙwarai | Kusan babu |
| Gyaran ciko da igiyar likkafa | Karkatar da kaya ke jawowa | Kaɗan | Sai an riƙa dubawa | Da sauƙi | Babu |
| Sabon sirdi | Karkatar da kaya ke jawowa | Mafi tsada | Shekaru | Matsakaici | Asarar kuɗi, miki in bai dace ba |
| Waya da aboki | Gano matsala | Babu | Ma'auni ce kawai | Da sauƙi ƙwarai | Babu |

Wa ya kamata ya ɗauki wacce?

In hawan sallah kake shiryawa kuma makonni kaɗan suka rage, kada ka taɓa sabon sirdi, jikinka da na doki ba za su saba da shi kafin ranar ba. Gwada igiyoyin likkafa, kai cikon wurin baduku, ɗauki hoton baya, ka ƙara minti biyar ba likkafa a kowace ƙilisa. Babban gyara a bar shi sai bayan sallah.

Yaron da ke fara koyo, igiya ce tasa, a kan doki mai sanyin hali da shimfiɗaɗɗen sirdi, da hular kwano daidai kansa. Kada a ba shi kamazurun linzami mai kaifi sai ya iya sassarfa hannu a ƙugu.

Ɗan ƙwallon dawaki ya riga ya samu daidaito, abin da ke damunsa murɗewa ce. Motsa jiki a ƙasa ya fi masa amfani, tare da ranakun da zai hau ba sanda, kamazuru a hannu biyu ko a hannun dama.

Mai tsohon rauni, ko wanda shekaru suka fara ja, ya fara da likitan gashin ƙashi. Hawa ba sirdi ba nasa ba ne, cire likkafa ma a tafiya kawai.

Wanda yake gari ko ƙauyen da babu malami kuma dokinsa ɗaya, ya haɗa waya da motsa jiki da cire likkafa. Abokinsa ya riƙe ragama ya ja dokin a tafiya, shi kuma ya saki kamazuru ya yi atisayen hannun nan na igiya. Bai kai darasin igiya ba, amma yana kawo rabin amfaninsa.

Wanda kuwa sirdinsa ke zame wa duk wanda ya hau, ya sauka, a ja dokin a sassarfa a kan ƙasa mai tauri, a tsaya a baya a kalli yadda ƙugunsa ke hawa da sauka. In gefe ɗaya ya fi ɗaya motsi, a huta da hawansa har likitan dabbobi ya duba shi.